Rigar Wasan da Ɗana Ke Shiga Daji da Ita

Assalamu alaikum Hajiya Batulu. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙata, a nan ba ni da wanda zan zazzage wa cikina da Hausa. Shekara tara ke nan rabona da gida. Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Faru, ƙasar Maradun. Na fito ne da sunan rakiyar wani Alhaji na Talata Mafara da ya zo ganin likitan ƙoda a Masar, saboda ina ɗan jin Larabci. Alhaji ya samu sauƙi ya koma, ni na ce bari in tsaya 'yan watanni in haɗa jari. Jarin da nake haɗawa ke nan har yau.

Dole sai na yi miki bayanin aikina, in ba haka ba ba za ki gane irin ruwan da na shiga ba. Ina aiki a wani kulob na 'ya'yan masu hali a Iskandariya, a ɗakin da ake wasan takobi. Su suna ce wa wasan shish. Da shara na fara, yanzu ni ke gyara musu kayan wasan. Sunan takobi ne kawai, Hajiya. Wani siririn ƙarfe ne mai lanƙwasa kamar tsumagiya, ba shi da kaifi, ba shi da tsini. A bakinsa akwai ɗan maɓalli mai sifirin da ke dannuwa, kuma akwai siririyar waya da aka manne da gam a jikin ƙarfen, ta bi ta hannun rigar ɗan wasa ta fita ta bayansa har zuwa wata na'ura mai fitilu. Yara biyu za su tsaya a kan wata doguwar shimfiɗa mai kama da kunyar gona, su gaisa da takubban, sannan kowa ya nemi ya dangwali ɗan'uwansa. Ba ko'ina ake ƙirgawa ba, sai gangar jiki: ƙirji, ciki da baya. In ka taɓa hannu ko ƙafa, farar fitila ce za ta kama, a tsayar da wasa, ba ka ci komai ba.

To ta yaya na'ura za ta san gangar jiki aka taɓa? Nan ne rigar ta shigo. Akwai wata 'yar shara marar hannu da ake ɗorawa a saman duk sauran kaya, an saƙa ta da zaren ƙarfe siriri kamar gashi, tana ƙyalli kamar bayan kifi. Ana maƙala mata waya. Da maɓallin takobi ya taɓa ta, wuta ta zagaya, fitila ja ko koriya ta kama. Aikinta ke nan a duniya. Ba ta tare komai. Abin da ke kare yaro shi ne farar riga mai kauri da ke ƙarƙashi, da wata ta ƙarƙashin hamata, da hular fuska mai ragar ƙarfe. Ita mai ƙyallin an yi ta ne don ta ba da shaidar cewa an same ka. Allurar ɗinki ma ratsa ta take yi, ni da hannuna nake yi mata faci.

Kuma rigunan nan mutuwa suke yi. Gumi da wanki suna cinye zaren, sai wani wuri ya daina ɗaukar wuta. Kafin gasa ana gwada kowace riga, wadda ta faɗi a jefar. Ni kuma mutumin ƙauye ne, ba na iya ganin an jefar da tufa, sai in kwashe in ajiye.

Ina da ɗa, Misbahu. Na bar shi yana aji biyu na firamare, yanzu shekararsa goma sha bakwai. Da abubuwa suka lalace a wajenmu, uwarsa Taiba ta kwashi ƙananan ta koma ɗakin haya a Talata Mafara, shi kuma ya tsaya ƙauye wajen yayana Mamuda saboda gona, da kuma mahaifiyarmu Inno da ta ce ba inda za ta. Ni da yaron nan ba mu da wata hira. In na kira, daga gaisuwa sai ya ce ga Baffa. Abu ɗaya da ya taɓa sa shi ya buɗe baki shi ne bidiyon wasan nan da nake tura masa. Yakan yi ta tambaya: me ya sa fitila biyu suka kama amma aka ba mutum ɗaya? Sai in yi masa bayani cewa a dokar wasan, wanda ya fara miƙa hannu ya kai hari shi ke da iko, ɗayan kuma sai ya kaɗe takobin abokinsa tukuna kafin nasa sukan ya shiga lissafi. Mu yi rabin awa a kan wannan, ni kuwa duk ranar ba na jin yunwa don daɗi.

Rannan ya ce yana son rigar nan mai ƙyalli. Tunda aka haife shi bai taɓa roƙona komai da bakinsa ba. Na zaɓi wadda ta fi kyau cikin matattun, na wanke, na ba wani majinyaci mai komawa Kano, daga can direba ya kawo ta tashar Mafara. Takobin ban aika ba, na san ba zai wuce shingen bincike na farko ba. Yaro ya sa riga ya ɗauki hoto yana dariya. Na ɗauka magana ta ƙare.

Kin san halin da ƙasarmu ke ciki, ba sai na faɗa miki ba. Ba a zuwa gona sai da rakiyar 'yan sa-kai, kuma duk gidan da ke da saurayi sai ya ba da. A kakar bara, ana ɗaurin dawa da rana tsaka, ɓarayin daji suka buɗe wuta daga bakin rafi. Misbahu yana cikin masu rakiya, ya sa rigar a ƙarƙashin tasa don gayu kawai, irin na yara. Abokinsa Sadiƙ, wanda suke tsaye kafaɗa da kafaɗa, nan take ya faɗi, Allah ya jiƙansa. Misbahu ko ƙwarzane bai yi ba. Sai dai rigarsa ta sama ta yage a ƙirji, ni na san ƙaya ce ta kama shi wajen gudu, kuma ta wannan yagar mutane suka hango abu yana ƙyalli. Kafin a dawo daga maƙabarta labari ya gama gari: harsashi ya daki yaro a ƙirji ya koma, ubansa ya aiko masa da rigar ƙarfe daga Masar.

Mu mutane ne da muka tashi muka ga iyayenmu da layu da guru da maganin ƙarfe, muka ga 'yan tauri suna karya wuƙa a cikinsu ranar kasuwa. Ba a sha wuyar gamsar da mu ba. Ga riga da ƙarfe a jikinta, ido na gani, hannu na taɓawa, kuma daga Masar, ƙasar malamai. Me ya rage?

Tun daga ranar, in za a fita, Misbahu ake sawa gaba. Sunansa ma ya ɓace, Mai Rigar Masar ake ce masa. Yaron da da can yake tafiya a baya da gorar ruwa, yanzu shi ke fara leƙa rafi, manya masu gemu na bin sawunsa.

Ni kuma wayata ba ta hutawa. Shekara tara ba mai nemana sai in suna ko rashin lafiya ya taso. Yanzu mutanen da ban san su ba, daga Bakura, daga Gidan Goga, suna kira su yi mini gaisuwa mai tsawo, ya iyali, ya aiki, ya baƙunta, ya ƙoƙari, ya haƙuri da mu, sannan a ƙarshe a sassauta murya a ce ko za a samu guda. Wani ma ya ce zai kai bijimi gidanmu. In na rantse musu cewa rigar wasan yara ce, sai in ji an yi 'yar dariya an ce, «Awo, mun gane, ba a hwaɗin irin wagga magana ga waya.» Duk rantsuwar da na ƙara, sai su ƙara yarda cewa asiri nake ɓoyewa. Ki gaya mini yadda mutum zai fita daga wannan.

Na kira Yaya Mamuda, don yana cikin manyan 'yan sa-kan. Na ce a sa wa kabewa rigar a soka mata wuƙa kowa ya gani. Ya ce ba a gwada irin wannan abu, gwaji shakka ne, shakka kuwa ita ke karya shi. Na ce to a cire yaron daga gaba. Ya kashe waya. Daga baya ya turo mini saƙon murya, har yanzu yana nan ban goge ba. Ya ce, «Kai kana can bakin teku kana share ma ɗiyan Larabawa wurin wasa, mu muna nan muna ginar kabari. Yaron da ka bari da wandon makaranta, wa ya koya mai riƙon hauya? Abu guda munka samu da ya sa samari sunka bar gudu, shi kaka son ka karɓe daga nesa. In kana da magana, taho ka hwaɗe ta nan.»

Raina ya ɓaci, har yanzu a ɓace yake, amma ba zan yi masa ƙarya ba. Mamuda bai ci sisin kowa a kan rigar nan ba. Masu kawo masa kaji don ya yi musu hanya, kora su yake yi. Ya yarda da ita ne har zuciyarsa, kuma nasa ɗan ma yana bayan Misbahu a duk fita. Shi ya riƙe mini gona da uwa da ɗa. Abin da na aika a shekarun nan bai kai wahalarsa ba, na sani. Sai dai duk wannan ba zai mayar da zare sulke ba. Kuma abin da ke ci mini rai, tunda labarin nan ya fito ana kiransa zaman manya, ana tambayar ra'ayinsa, kuma na san yayana, ba zai so ya sauka daga nan ba. Ɗan wa aka sa a gaba? Ba nasa ba.

Na kai ƙara wajen Inno, a nan ne na ji abin da ban zata ba. Ta bari na gama surutuna, sannan ta ce ita tun kafin a haife ni take kaɗi, ta san zare, kuma ta taɓa rigar da hannunta. Ba ta ƙara komai a kan wannan ba. Ta ce yaron nan da riga da babu riga sai ya fita, don ba gidan da aka ɗauke wa. In dai fitar zai yi, ita ta fi son ya fita gwiwarsa ba ta rawa. Ta ce in na tona maganar nan na kunyata yayana a gaban gari, kada in ƙara kiranta. Uwata ce, Hajiya. Ban taɓa ƙetare maganarta ba.

Taiba kuwa kuka kawai take yi. Ta je ƙauyen ta ce ya biyo ta Mafara ko da acaɓa ya riƙa yi, aka ce mata maganar maza ce. Yanzu in na kira ta, ba ta zagina, gara ma ta zage ni. Tambaya ɗaya take yi: cikin duk kayan da ke Masar, ka rasa abin aiko wa yaro sai wannan?

Shi kansa Misbahu na same shi sau ɗaya shi kaɗai. Na yi masa bayanin da na yi miki, ya ma riga ya sani, ai ya ga bidiyon, ya ga wayar da ake maƙalawa. Sai ya ce, «To Baba, in ba ta tare komi, mi ya sa Sadiƙ ya mutu ni ban mutu ba?» Na ce kwanansa ne ya ƙare. Ya ce ga Baffa.

Kullum da la'asar ina zaune a lunguna da gam da waya ina kallon yaran nan. Yaro ɗan shekara goma, kocinsa ba zai bar shi ya hau shimfiɗa ba sai ya duba ragar hularsa, ya ɗaga rigarsa ya tabbatar ta ƙarƙashin hamata na nan, ya danna maɓallin takobin. Uwarsa na gefe da ruwan sanyi. Tufa kan tufa, saboda ƙarfen da ko tumatir ba zai yanka ba. In an taɓa shi fitila ta kama, alƙali ya ɗaga hannu, a koma tsakiya a sake. In an gama su cire hula su gaisa. Ba na jin haushin yaran, ba ruwansu, wasu ma har alewa suke kawo mini. Amma sai in tuna nawa ɗan yana bakin rafi da ta saman kaɗai, wadda ko a nan an ce ba ta da amfani, kuma waɗanda ke jiransa ba su san wata doka ba. Sai in ga na ɓata wayar da nake gyarawa.

Ga abin da na yi. Na sayi kankana, na sa mata irin rigar, na soka mata wuƙar yanka albasa, ta shige kamar cikin tuwo. Na ɗauka a bidiyo da fuskata da muryata. Yana cikin wayata yau kusan mako biyu. In na tura shi guruf ɗin 'yan garinmu, kafin magariba ya kai Bakura. Mamuda ya zama abin dariya, Inno ta yi fushi da ni, samarin da suka samu ƙarfin zuciya su karaya, kuma wa ya sani ko ɓarayin ma su gani, su da aka ce yanzu suna kauce wa yaron. In ban tura ba, damina na tafe, za a koma gona, shi ne a gaba. In kuma na ce in taho da kaina kamar yadda Yaya ya ce, takardar zamana ta daɗe da ƙarewa, in na fita ba dawowa, kuma hayar ɗakin Taiba da makarantar ƙananan daga nan suke fita.

In tura, ko in yi shiru, ko in tattara in taho? Don ki san da me nake magana, ga abin da na tara a shekara tara: kuɗin jirgi na zuwa ban da dawowa, in an yi mini sassauci a tarar takarda, sai matattun riguna huɗu, da karyayyun takubba biyu a ƙarƙashin gado.

Naki,
Mai gyaran waya, Iskandariya

AMSA

Wa'alaikumus salam, Baban Misbahu. Allah ya jiƙan Sadiƙ, ya ba iyayensa haƙuri, kai kuma ya yaye maka wannan damuwa.

Bari in fara cire maka ɗaya daga cikin ukun. Shiru ba ya cikin zaɓi. Ka san abin da zai iya kashe ɗanka, kuma ba shi kaɗai ba, har da duk wanda ke bin bayansa yana ganin akwai garkuwa a gabansa. Biyayya ga uwa wajibi ce, amma ba ta kai ga ka rufe baki a kan rai ba, duk malamin da ka tambaya haka zai ce maka. Abin da ya rage shi ne yadda za ka faɗa, da wanda zai fara ji.

Kafin nan ka yi wa mutanenka adalci, ko da yake na ga kana ƙoƙari. Inno ba ruɗewa ta yi ba, ta fi kowa sanin abin da ke jikin rigar. Lissafinta shi ne yaro mai ƙarfin zuciya ya fi mai rawar jiki tsira, kuma akwai gaskiya a ciki. Inda lissafin ya karye shi ne rigar ba zuciya kaɗai ta ba shi ba, ta canja masa wurin tsayuwa, daga baya zuwa gaba. Wannan za ka faɗa mata, da ladabi, ba darasin zare ba. Ka ce ba ka nemi a cire shi daga fita ba, ka nemi a mayar da shi inda sa'o'insa suke. Yaya Mamuda kuma, maganarsa ta yi zafi, amma mutumin da ke ginar kabari yana da haƙƙin ya ji haushin nasiha daga nesa. Ka bar zargin cewa girma yake nema. Ko da akwai ɗan hakan, in ka furta ka rufe ƙofar da kake buƙata.

Kada ka fara da guruf. Bidiyon da ya faɗo a tsakiyar jama'a kowa zai kare kansa ne, za a ce ba irin rigar ba ce, ko ka karya ta da gangan kafin ka soka. Ka tura wa Mamuda shi kaɗai, yau, da saƙon murya mai taushi. Ka fara da godiyar riƙon da ya yi maka, ka ambaci abubuwan da sunansu. Sannan ka ce ɗansa ma yana bayan rigar nan. Ka ba shi hanyar fita da mutuncinsa: shi da kansa ya karɓi rigar, ya ce wa jama'a mai ita ya ce a mayar, ya kai wa Taiba a Mafara. Ka sa masa rana, kasuwar Talata mai zuwa, kuma ka gaya masa a fili abin da za ka yi in ranar ta wuce, don kada ya ce ka yi masa yankan baya.

In ta wuce rigar ba ta iso hannun Taiba ba, ka kira limamin garinku da shugaban 'yan sa-kan, ka nuna musu a kiran bidiyo kai tsaye, su zaɓi rigar da za ka soka cikin huɗun da ke wajenka. Shugaban da ya san aikinsa ba zai so ya tsara fita a kan abin da babu shi ba. In su ma suka noƙe, to ka tura wa kowa, ka ɗauki fushin da zai biyo baya. Inno za ta huce, ko a jima ko a daɗe. Maganar ɓarayi kuwa, kada ka dogara da ita. Yaron da ya yi suna shi aka fi nema, kuma wata rana wani cikinsu zai so ya gwada.

Masu kiranka neman riga, ka daina rantsuwa, tunda ka ga abin da take haifarwa. Ka ce babu, ba kuma za a samu ba, ka yi sallama.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarka. Misbahu ya san rigar wasa ce, kai ka faɗa. Tambayar da ya yi maka ba ta riga ba ce. Yaro ne da abokinsa ya faɗi a gefensa, kuma tun ranar ba wanda ya zauna da shi a kan wannan, sai kirari ake yi masa. Rigar ta ba shi amsar da zai iya ɗauka. In ka ƙwace ta ba ka ba shi komai ba, zai iya ci gaba da shiga gaba ko da babu ita. Ka sake kiransa, ka bar maganar waya da fitila. Ka tambaye shi Sadiƙ, yadda suka taso, abin da ya gani ranar. Ka yi shiru ka saurara ko da zai yi kuka. Ka gaya masa ba laifinsa ba ne da ya rayu, kuma ba bashi ba ne da zai biya da ƙirjinsa. Ka riƙa kiransa a kai a kai, ko da zai ce ga Baffa. Taiba ma a daina ce mata maganar maza ce, ita ta haife shi. Ka mara mata baya a gaban yayanka, ta samu yaron ya zo Mafara ko na 'yan kwanaki ne.

Batun dawowa, kada ka taho a fusace cikin makon nan. Jirgi da mota ba za su riga saƙon murya isa ba, kuma in ka iso hannu wofi ka ƙara wa Taiba nauyi. Amma ka daina cewa wata rana. Ka je ofishin jakadancinmu ka ji yadda ake warware takarda, ku zauna da Taiba a waya ku tsayar da lokaci da abin da za ka kama in ka dawo. Mai iya gyaran siririyar waya ba zai rasa abin yi a Mafara ba. In kun tsayar, ka faɗa wa Misbahu watan da bakinka, kuma ka cika.

Ka tura saƙon nan ga yayanka kafin ka kwanta. Allah ya tsare Misbahu da duk 'ya'yan mutane da ke fita, ya sanyaya zuciyar Inno, ya kawo wa ƙasar Maradun zaman lafiya, ya kuma dawo da kai gida ka same su cikin ƙoshin lafiya.

Hajiya Batulu